Matambayi Ba Ya Ɓata: Turancin Da Ke Hana Ɗaliban Chaina Barci

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni da dama sun shigo a kan abu ɗaya, wato jarabawar da ɗaliban Chaina suke zaunawa idan suna neman shiga digiri na biyu, musamman ɓangaren Turancinta, to sai muka haɗa su waje guda.

TAMBAYA: Salam Malam. Naga wani bidiyo yana yawo, ɗalibai a Chaina sun yi dogon layi a ƙofar laburare tun gari bai waye ba ga sanyi kowa ya ƙudundune, aka ce wai jarabawar shiga mastas suke wa shiri kuma wai Turanci ne yafi kayar da su. Don Allah wace irin jarabawa ce haka, mastas ɗin ma sai an yi jarabawa ta ƙasa baki ɗaya? Daga wani mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Eh sai an yi kam. Su a can suna ce mata kaoyan, ma'aikatar ilimi ta ƙasar ce ke kula da ita, kuma sau ɗaya tak ake yinta a shekara, a ƙarshen watan Disamba, Asabar da Lahadi, wato tsakiyar hunturu kenan shi yasa kaga kowa a ƙudundune. Rajista a watan Oktoba ake yi ta intanet, kuma abin da zai baka mamaki jami'a ɗaya da fanni ɗaya kawai mutum zai zaɓa, ba wai ka watsa takardu wurare biyar ka jira wanda ya kira ka ba. Akwai waɗanda ba sa yinta, su ne haziƙan da jami'o'insu suka shaide su aka ɗauke musu jarabawar, amma mafi yawan jama'a ta wannan ƙofar suke bi.

Yawan masu zama kuwa ba a magana. A zagayen 2017 mutum miliyan 2.01 ne suka yi rajista, zuwa zagayen 2020 sun kai miliyan 3.41, a na 2023 abin ya kai ƙololuwa miliyan 4.74, daga nan ya fara sauka, miliyan 4.38 a 2024 sai miliyan 3.88 a 2025. Guraben mastas da ake ɗauka a shekara kuwa miliyan ɗaya ne da ɗoriya, kuma a ciki har da na waɗancan da aka ɗauke wa jarabawa, to kai ma ka lissafa ka gani mutum nawa za su koma gida hannu rabbana. Shi yasa wanda ya samu suke cewa ya kai gaɓa, wanda kuma zai sake gwadawa a shekara mai zuwa suna cewa ya shiga yaƙi na biyu, haka suke faɗa a bakinsu.

Ga yawancin fannoni jimlar maki 500 ne. Ranar Asabar da safe a yi takardar siyasa, maki 100, da rana daga ƙarfe 2 zuwa 5 a yi harshen waje shi ma maki 100, ranar Lahadi kuma takardu biyu na fannin da mutum ya zaɓa, ko lissafi da ɗaya na fanni, kowacce maki 150. Harshen wajen nan ana iya zaɓar Rashanci ko Japananci a fannonin da suka yarda, amma kusan kowa Turanci yake ɗauka.

To ina Turanci yake kayar da mutane tunda maki 100 ne kawai cikin 500? Ai nan gizo ke saƙar. Ba jimla kaɗai ake dubawa ba. Bayan sakamako ya fito wajen ƙarshen Fabrairu gwamnati tana fitar da abin da suke kira layin ƙasa, kuma layin nan kashi biyu ne, akwai mafi ƙarancin jimlar da za ka samu, akwai kuma mafi ƙarancin makin kowane darasi shi kaɗai. Ma'ana ko da ka kwashe maki a lissafi da fanninka jimlarka ta wuce ta kowa a ajinku, idan Turancinka ya gaza layin da maki ɗaya shikenan an rufe maka ƙofa, ba za a kira ka zagaye na biyu, wato intabiyun da jami'a ke yi da kanta, ba. Layin Turancin yana canzawa kowace shekara kuma ya danganta da fanni, na injiniya yakan tsaya a talatin da wani abu, na adabi kuwa akwai shekarun da ya haura 50. Zaka ce ai wannan ba yawa, 40 cikin 100 ma wani abu ne? ka bari sai ka ji yadda takardar take a amsoshin da ke ƙasa. Sannan akwai manyan jami'o'i 34 irin su Peking da Tsinghua da Fudan da aka ba damar ja nasu layin da kansu, kuma nasu yawanci yafi na ƙasa tsawo.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamar Turanci ce a sakandare. Naji ance kalmomi 5,500 ake so ɗalibi ya sani kafin ya shiga wannan jarabawa ta Chaina. Tambayata ita ce, idan mutum ya zauna ya haddace su duka tas, ya ci kenan? Don naga kamar ba su da yawa ga wanda ya gama digiri.

AMSA: Barka kadai Malama, Allah ya ƙara basira. Adadin da kika ji gaskiya ne, manhajar jarabawar ta lissafa kalmomi kusan 5,500, kuma idan kika duba daga inda ɗalibin ya taso ba wani tsalle ba ne mai nisa, domin jarabawar shiga jami'a da suke kira gaokao tana neman wajen 3,500, sannan a jami'a akwai jarabawar Turanci ta ɗaliban jami'a da ake kira CET mataki na 4 da na 6 da aka faro a 1987 da 1989 waɗanda suke ƙara musu wasu dubban. To a takarda dai kamar an gama magana.

Amma amsar tambayarki a'a ce, bai ci ba, kuma wannan ita ce maganar da nafi so kowa ya riƙe a duk abin da zan faɗa yau. Jarabawar nan babu wani sashe a cikinta da za a ajiye maka kalma tsirara a ce kawo ma'anarta. Ko ɗaya babu. Duk kalmar da za a gwada ka a kanta tana cikin jimla ne, jimlar tana cikin sakin layi, sakin layin yana cikin rubutun da aka ɗauko daga jaridu da mujallun Ingila da Amurka irin su The Economist da The Guardian da The New York Times da Scientific American da Nature, aka ɗan rage shi aka gyara. Waɗannan kuwa ba don ɗalibin da ke koyon Turanci aka rubuta su ba, don masu harshen ne waɗanda suka yi karatu.

Abin da yafi cin ɗalibai shi ne kalmar da suka sani sarai amma ta zo da wata ma'anar da ba ita suka haddace ba, har suna da suna na musamman da suke kiran wannan matsala da shi. Kinga ɗalibi ya haddace cewa address adireshi ne, ya rubuta a katinsa ya maimaita har ya ƙoshi, sai ya shiga ɗakin jarabawa ya tarar an rubuta the court declined to address the question, sai ya tsaya yana neman inda adireshi ya shiga maganar kotu, alhali cewa ake kotun ta ƙi ta taɓa batun. Ya san novel littafin labari ne, sai ya ga a novel approach wato sabuwar dabara. Ya san act da bill da sentence da interest, amma a rubutun shari'a ko na tattalin arziki duk wata riga suke sakawa. Kalma ce ɗaya a jerin 5,500 ɗin nan amma aikin da take yi ya kai uku ko huɗu, to kinga ainihin abin da ake nema ya ninka adadin da aka rubuta.

Sannan manhajar da kanta ta faɗa cewa rubutun da za a kawo zai iya ɗaukar baƙin kalmomi da ba sa cikin jerin har kashi 3 cikin 100. Kowane rubutu yana kai kalmomi 400 haka, kashi 3 ɗinsa kalmomi 12 kenan, kuma ba a shiga da ƙamus. Dole sai dai ka ciro ma'anar daga abin da ke kewaye da ita, ko ka warware ta daga saiwarta da ɗafe-ɗafen da ke gaba da bayanta, shi yasa ma manhajar ta kawo jerin irin waɗannan ɗafe-ɗafen a ƙarshenta.

Masu binciken koyon harshe sun daɗe suna auna wannan. Batia Laufer ta nuna cewa sai mai karatu ya san wajen kashi 95 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi daidai gwargwado, daga baya Paul Nation na jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand shi da abokan aikinsa suka ce idan ana son karatu ba tare da taimako ba sai an kai kashi 98, kuma a 2006 ya lissafa cewa kafin ka kai wannan matakin a jarida ko littafin labari sai kana da dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000, dangi fa ba kalma ɗaya ɗaya ba, wato kalma da duk 'ya'yanta. Ki duba bambancin a aikace Malama. Kashi 95 a rubutu mai kalmomi 400 yana nufin kalmomi 20 baka sani ba, kusan kowane layi biyu sai ka yi tuntuɓe. Kashi 98 kuwa 8 ne kawai. To 5,500 ɗin nan ƙasan bene ne, daga nan ake fara hawa.

Ban ce hadda banza ce ba, wallahi ba zan ce haka ba, don babu wanda zai iya karatu babu kalmomi a kansa, kuma ɗaliban Chaina a wannan fagen sai dai a sara musu. Zaki gansu a barandar laburare da matattakalar bene kowa da 'yar kujerarsa mai naɗewa da fulas ɗin ruwan zafi a gefe, ya toshe kunnuwa da yatsu yana karantowa da ƙarfi, littafin duk ya sha ja da shuɗin biro gefensa ya yi baƙi don juyawa. Da yawansu suna amfani da manhajojin waya masu dawo maka da kalma bayan kwana ɗaya, bayan kwana biyu, bayan mako, bisa abin da Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gano tun 1885 cewa mantuwa tafi sauri a farkon lokaci sai a hankali ta lafa. Wannan duk daidai ne. Inda ake samun asara shi ne wanda zai kwashe wata shida yana bin jerin daga harafin A zuwa Z yana dawowa, bai taɓa zama ya karanta rubutu ɗaya cikakke ya ga yadda kalmomin nan suke zama da junansu ba, wannan kam ɗiban ruwa da kwando ne. Su kansu malaman da ke shirya ɗalibai a can abin da suke nanatawa shi ne a koma kan tsofaffin takardun jarabawar na shekaru goma ko fiye, a ɗauki rubutu ɗaya a warware shi jimla jimla, a fassara shi, a gane dalilin da yasa kowace amsa ta zama daidai ko kuskure, kalmar da ka koya a haka ita ce take zama.

TAMBAYA: Malam shin akwai sauraro da magana a ciki?

AMSA: A zagayen farko babu. An taɓa saka sauraro daga 2002 zuwa 2004, a 2005 aka cire shi aka mayar zagaye na biyu wanda kowace jami'a ke yi da kanta wajen Maris zuwa Afrilu, a nan ne ake intabiyu, ɗalibi ya gabatar da kansa da Turanci, a yi masa tambaya ko biyu, wani wurin a miƙa masa sakin layi daga takardar bincike ta fanninsa a ce ya karanta ya fassara nan take. Amma tunda babban shingen na Disamba ne kuma babu baki babu kunne a cikinsa, ƙarfin kowa a kan karatu yake ƙarewa, shi yasa zaka samu wanda yake warware rubutun The Economist amma gaisuwa ta minti biyu tana ba shi wuya. Su da kansu suna kiran abin Turancin bebe.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Ni ɗaliba ce kuma ina son harkar koyon harsuna. Don Allah ka ɗan buɗe mana takardar mu ga cikinta, me da me ake tambaya, kuma me yasa ake cewa mutum zai fahimci rubutun amma ya faɗi tambayoyin? Naji kuma wai Turancin kala biyu ne.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata. Eh kala biyu ne tun 2010, Turanci na ɗaya da Turanci na biyu. Na ɗayan yawanci na masu neman mastas na bincike ne waɗanda ake sa ran wasunsu za su zarce digiri na uku, na biyun kuma na yawancin masu mastas na sana'a ne irin su harkar kasuwanci da akanta, kuma na ɗayan yafi tsauri, jimlolinsa sun fi tsawo batutuwansa sun fi nisa da rayuwar yau da kullum.

Na ɗayan ga yadda yake. Awa uku ne. Ana farawa da cike gurbi, rubutu ɗaya da aka cire wa kalmomi 20, kowanne rabin maki, jimla 10. Daga nan sai uwa uba, rubutu huɗu kowanne da tambayoyi biyar, kowace tambaya maki 2, maki 40 kenan. Sai wani sashe mai maki 10 inda za a hargitsa sakin layi a ce ka jera su, ko a cire wasu a ce ka mayar da kowanne gurbinsa, ko ka haɗa kowane sakin layi da kan maganar da ya dace da shi. Sai fassara, jimloli biyar da aka ja wa layi a cikin wani rubutu ka mayar da su Sinanci, maki 10. Ƙarshe rubutu biyu, gajere mai kalmomi 100 haka irin wasiƙa ko sanarwa maki 10, da dogo mai kalmomi 160 zuwa 200 wanda yawanci zane ake baka ka yi sharhi a kansa maki 20. A na biyun fassarar maki 15 ce kuma sakin layi ne guda, dogon rubutun shi ma 15 yawanci a kan jadawalin alƙaluma. Idan kika tara na ɗayan zaki ga maki 70 cikin 100 duk a kan fahimtar abin da aka rubuta suke, shi yasa ɗaliban ke cewa wanda ya ci karatu ya ci duniya.

Yanzu ga inda tambayarki ta fi daɗi. Wahala ta farko doguwar jimla ce. Marubucin zai fara magana, kafin ya kai ga aikatau sai ya soko wani bayani tsakanin waƙafi biyu, a cikin bayanin kuma ya soko wani, sai ka yi layi uku kana tafiya baka san wa ya yi me ba. Ga ɗalibin Chaina abin yafi ciwo saboda a Sinanci bayanin da ke siffanta suna gabansa yake zuwa, a Turanci kuwa dogon bayani bayan sunan yake biyowa yana ta jan jela, sannan Sinanci ba ya canza siffar aikatau don nuna lokaci. To aikin farko da ake koya musu shi ne su nemo ƙashin bayan jimla, wa ya yi, me ya yi, wa aka yi wa, su ajiye sauran a gefe tukuna sannan su dawo su ɗora.

Wahala ta biyu kuma ita ce amsoshin ƙarya, kuma gaskiya masu tsara su sun iya aikinsu. A ce rubutun ya ce wasu masana tattalin arziki suna zargin cewa wataƙila sabuwar dokar ta taimaka wajen tashin farashi. Sai a tambaye ki me za a fahimta daga sakin layi na biyu. Zaɓi na farko ya ce masana sun tabbatar dokar ce ta jawo tashin farashi, kinga duk kalmomin rubutun suna ciki, ido yana gani zai so shi, amma an mayar da wasu sun zama duka, an mayar da zargi ya zama tabbaci, an haɗiye wataƙila. Zaɓi na biyu ya ce tashin farashi ne ya sa aka kafa dokar, an juya sanadi da sakamako. Na uku ya kawo wata magana da kowa ya san gaskiya ce a duniya, misali tsadar kaya tafi cutar da talaka, amma marubucin bai faɗe ta ba ko kusa. Na huɗu shi ne daidai kuma shi ne wanda bai yi kama da rubutun ba sam, an sake masa kalmomi gaba ɗaya, ya ce har yanzu ba a kammala sanin tasirin dokar ba. Wanda yake farautar kalma da ido zai faɗa na farko, wanda yake amsawa da abin da ke kansa zai faɗa na uku.

Akwai kuma tambayar ra'ayin marubuci, inda zai kwashe sakin layi biyu yana kawo maganar da mutane suka saba faɗa kamar ya yarda da ita, sai a farkon na uku ya saka yet ko however ya rushe ta. Idan baki lura da wannan 'yar kalmar ba duk tambayoyi biyar ɗin a juye zaki amsa su, maki 10 sun tafi. Kuma lokaci yana gudu, don idan kika cire na rubutu da fassara abin da zai rage wa kowane rubutu da tambayoyinsa bai kai minti 20 ba.

Ni a ganina wannan sashen gwaji ne mai kyau ƙwarai, domin abin da yake aunawa shi ne ainihin aikin ɗalibin bincike, ya bambance abin da takarda ta ce da abin da yake so ta ce, ya san ina marubuci ya tabbatar ina kuma ya yi hasashe.

TAMBAYA: Malam idan baƙo daga wata ƙasa yana son yin mastas a Chaina shi ma sai ya zauna wannan kaoyan ɗin?

AMSA: A'a, wannan ta 'yan ƙasa ce. Baƙo kai tsaye yake nema a jami'a ko ta hanyar tallafin karatu na gwamnatin Chaina, idan kwas ɗin da Sinanci ake koyarwa za a nemi sakamakon HSK wato jarabawar iya Sinanci, idan da Turanci ne kuma a nemi shaidar iya Turanci irin IELTS ko TOEFL gwargwadon sharaɗin jami'ar.

TAMBAYA: To su waɗanda suke tafiya Amurka yin mastas ko digiri na uku fa, ita ma wannan ce ke musu aiki? Daga wani ɗalibin kimiyya.

AMSA: Ba ta musu aiki ɗan'uwa, su TOEFL ko IELTS suke yi, sannan jami'o'in da ke nema su ƙara da GRE wadda hukumar ETS ta Amurka ke shiryawa. Kuma labarin GRE a Chaina ya dace da maganar da muke yi. Kafin 2011 sashen harshe nata yana da tambayoyin kishiyar kalma da na dangantakar kalma da kalma, waɗanda mutum zai iya ci da zallar hadda ko da bai taɓa ganin kalmar a cikin jimla ba, ɗaliban Chaina kuwa suka duƙufa suna haddace dubban baƙaƙen kalmomin da ko Ba'amurke bai cika amfani da su ba. A kan wannan harkar makarantar New Oriental ta yi suna, wadda Yu Minhong ya kafa a Beijin a 1993, mutumin da shi kansa sai a zama na uku ya ci gaokao ya shiga jami'ar Peking. A 2002 ETS ta dakatar da yin jarabawar ta kwamfuta a Chaina da Hong Kong da Taiwan da Koriya ta Kudu ta koma takarda na wani lokaci, bayan ta gano waɗanda suka fito suna zuba tambayoyin da suka tuna a intanet. A watan Agustan 2011 aka sake fasalin jarabawar aka cire waɗancan tambayoyin na kalma tsirara aka maye su da cike gurbi a cikin jimla da sakin layi, makin sashen ya koma 130 zuwa 170, a Satumban 2023 kuma aka gajarta ta ta koma ƙasa da awa biyu. Kaga ita ma inda ta dosa kenan, kalma a cikin magana.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne na daɗe ina karanta wannan mujalla. Abin da ya ɗaure min kai, ƙasa kamar Chaina da take koyar da komai da harshenta tun daga firamare har jami'a, me ya kai ta ta hana yaro karatu saboda harshen wasu? Yaron da zai karanci tarihin ƙasarsa ko maganin gargajiyarsu ina ruwansa da jaridar Ingila? Wannan adalci ne?

AMSA: Allah ya ƙara girma Baba, Allah ya ja da kwana. Wannan tambaya taku su kansu 'yan ƙasar suna yinta kuma da zafi. A 2021 wani ɗan majalisar ba da shawara ta ƙasa mai suna Xu Jin ya kawo shawarar a cire Turanci daga manyan darussan dole na makarantu, aka yi ta muhawara a kai, a 2023 kuma jami'ar Xi'an Jiaotong ta sanar cewa ta daina ɗaura samun digiri a kan sakamakon jarabawar CET. To ba ku kaɗai kuke ganin haka ba.

Hujjar masu riƙe da Turancin ita ce, tun da aka dawo da ɗaukar ɗaliban gaba da digiri a 1978 ƙasar ta sa a gaba ta kamo duniya a kimiyya, kuma mafi yawan binciken kimiyya na duniya da Turanci ake buga shi, har na masanan Chaina ɗin kansu. Ɗalibin sinadarai ko likitanci ko kwamfuta da ba zai iya karanta takardar da ta fito watan jiya ba sai ya jira wani ya fassara masa, ko ya miƙa wa na'ura ta fassara kuma ba shi da yadda zai gane inda ta karkace, wannan a baya zai riƙa tafiya kullum. Wannan hujja ni na yarda da ita Baba, har zuciyata.

Inda nake tare da ku shi ne wajen layin nan mai yanke hukunci shi kaɗai. Yaron da ya tashi a Shanghai ko Beijin tun yana ƙarami yake jin Turanci, iyayensa suna da halin biya masa darasi, wanda ya tashi a ƙauyen Gansu ko Guizhou kuwa wataƙila malamin da ya koya masa shi ma bai taɓa hira da mai harshen ba, sai a zaunar da su a kan rubutu ɗaya. Gwamnati ta san da wannan giɓin, shi yasa ta raba ƙasar shiyya biyu, shiyya ta biyu ta ƙunshi larduna da yankuna goma, Mongoliya ta Gida, Guangxi, Hainan, Guizhou, Yunnan, Tibet, Gansu, Qinghai, Ningxia da Xinjiang, inda layin jimla yake ƙasa da maki 10 na Turanci kuma ƙasa da maki 3. Sai dai rangwamen yana bin inda jami'ar take ne ba inda yaron ya fito ba, to ɗan Gansu da ya nemi jami'a a Beijin babu abin da aka rage masa, ɗan Beijin da ya nemi ta Lanzhou da ke Gansu kuma ya samu. Wannan yana min ciwo gaskiya, yaro mai kai a lissafi ya rasa shekara guda ta rayuwarsa saboda tambaya ɗaya mai maki 2 a kan ra'ayin wani marubucin Landan.

Da za a ji tawa da an bar Turancin a jarabawa yana shiga jimla kamar kowane darasi, amma a sassauta layinsa ga wanda jimlarsa ta yi sama sosai a bar jami'ar ta gwada shi a zagaye na biyu da takardar fanninsa, ta ga ko zai iya karanta abin da zai yi aiki da shi. Wasu jami'o'in suna da ɗan hurumin kiran irin wannan ɗalibi idan darasi ɗaya ya gaza kaɗan amma ya yi fice a fanninsa, sai dai ƙofa ce ƙarama ƙwarai kuma sharuɗɗanta masu tsauri ne. Shi kuma mai tarihin Chaina da kuka ambata Baba, a ba shi zaɓi mai faɗi, don akwai mai binciken da Japananci ko tsohon Sinanci na littattafan da zai fi masa amfani nesa ba kusa ba, kuma Japanancin yana cikin harsunan da doka ta yarda da su, matsalar dai ba kowane sashe na kowace jami'a ne yake karɓarsa ba, dole ɗalibi ya duba kundin fannonin jami'ar tun kafin rajistar Oktoba.